Baƙin Hayaƙi a Salansa: Asarar da ke Cin Ribar Masu Tsofaffin Motocin Kaya

Tun daga ranar 29 ga watan Mayun 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, kuma kuɗin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, shan man mota ya zama babban abin lissafi ga 'yan kasuwa. Waɗanda abin ya fi shafa sun haɗa da masu tsofaffin a-kori-kura da ƙananan motocin kaya masu amfani da fetur, irin waɗanda ke jigilar tumatir da albasa daga kasuwar Mile 12 ta Legas zuwa unguwanni. Da yawa daga cikin motocin nan suna shan mai fiye da kima, ga baƙin hayaƙi, ga rashin ƙarfi a hawa.

Injin fetur yana ƙone mai sarai ne idan an haɗa kashi 14.7 na iska da kashi ɗaya na fetur bisa nauyi. Idan man ya rinjayi iskar, wani ɓangarensa ba ya ƙonewa, sai ya bi salansa ya fita. Alamun hakan ba ɓoyayyu ba ne: baƙin hayaƙi, warin ɗanyen fetur, fulogi ya yi baƙi ƙirin da toka, inji yana kakkarwa idan mota na tsaye, wani lokaci ma baƙin mai ya tsinke yana warin fetur.

Dalilan sun bambanta gwargwadon shekarun mota. A masu kafireta, akasari cok ne ke maƙalewa, ko kuma mai ya riƙa ambaliya a cikinta. A masu nozul kuwa, nozul ɗin na iya yin yoyo, ko na'urar daidaita ƙarfin mai ta fashe, wanda ake ganewa idan aka zare siririn tiyon da ke kanta aka tarar da fetur a ciki. Matatar iska da ƙurar hunturu ta toshe ita ma takan haddasa hakan. Haka nan al'adar cire tamostat da wasu kanikawa ke yi, wai don gudun zafi, tana sa injin ya daɗe bai ɗau ɗumi ba, kwamfutar motar kuma ta ci gaba da ƙara mai kamar yanzu aka tayar da ita da asuba.

Inda asarar ke ninkuwa shi ne tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa, wadda kanikawa ke kira indomi saboda ƙananan ramukan da ke cikinta. An fara sanya ta a yawancin motocin Amurka a shekarar 1975. Cikinta tangaram ne mai kama da saƙar zuma, an shafe shi da ƙarafa masu tsada, wato filatinam da faladiyam da rodiyam, waɗanda ke mai da iska mai guba zuwa marar illa sosai. Idan ɗanyen fetur ya yi ta kwarara cikinta, a can yake kamawa da wuta, zafin ya wuce misali har tangaram ɗin ya narke ya toshe hanya. Daga nan sai mota ta kasa numfashi: ta tashi lafiya, amma da an ɗora kaya an taka totur sai ta yi sanyi. Warin ruɓaɓɓen ƙwai, ƙarar tsakuwa a cikin tukunyar, ko ganin ta yi ja bayan tafiya, duk alamu ne na lalacewarta.

Hanyar bincike tana da tsari. Motocin da aka sayar a Amurka daga shekarar 1996 suna da wurin jona na'urar gwaji, kuma lambar P0172 ko P0175 na nufin mai ya rinjayi iska, yayin da P0420 ke nuna aikin indomi ya yi rauni. A motocin da suka girmi haka, ana duba fulogi, a auna ƙarfin mai, sannan a gwada sensar iskar oksijin da ke gaban indomi. Lafiyayyiyar sensa takan yi ta kai da komowa tsakanin bolt 0.1 da 0.9, idan ta tsaya a sama, ko dai man ya yi yawa ko ita ce ta mutu. Don tabbatar da toshewa, akan kwance sensar na ɗan lokaci domin hayaƙi ya sami mafita. Idan ƙarfin mota ya dawo, an gano inda gizo ke saƙa.

Kuskuren da ya fi jawo hasara shi ne sayen sabuwar indomi ba tare da gyara abin da ya kashe ta farko ba, domin sabuwar ma narkewa za ta yi. Fasa ta a zubar da cikinta kuwa yana buɗe hanyar hayaƙi, amma ba ya magance asalin abin da ke jawo yawan shan mai, sai dai ya ƙara gubar da direba da jama'a ke shaƙa. Bugu da ƙari, ƙarafan cikinta sun sa tana da kasuwa, don haka ya kamata mai mota ya nemi a nuna masa shaidar gwaji kafin ya amince a cire, ya kuma karɓi tsohuwar a hannunsa.

Ga ɗan kasuwa, matakin farko ba ya bukatar ko kwabo: a riƙa rubuta litar da aka sha da kilomitar da aka yi a kowace tafiya. Ranar da lissafin ya fara sauyawa, ranar ce ta zuwa gareji, tun gyaran bai wuce na fulogi da matatar iska ba.