Kwamfuta Ma Tana Da Nata Kwastan: Darasin Da Muka Koya A Nima

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa kwana a iyakar Aflao ko Paga yana jiran a duba masa takardu, ya san cewa mallakar kaya daban, ƙetarewa da su kuma daban. To, irin wannan ce ta same mu a ɗan gidan rediyonmu na al'umma da ke hidima ga zangunan Nima da Maamobi a birnin Akara.

Kwamfutocinmu huɗu duk na gwanjo ne, daga kasuwar Circle muka sayo su, ɗauke da Windows 10 wadda ba mu da tabbacin sahihancinta. Idan mai karatu bai manta ba, a ranar 14 ga Oktoba, 2025 ne kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba ba Windows 10, alhali Windows 11 ba ta hawa kan yawancin tsofaffin na'urori. Ana cikin haka sai ƙwayar cutar kwamfuta ta lashe mana shirye-shiryen mako guda, har da tallace-tallacen da 'yan kasuwa suka riga suka biya kuɗinsu. Kunya ta ishe mu.

Wannan ya sa muka koma ga buɗaɗɗiyar manhaja, wato wadda masu ita suka bayyana yadda aka gina ta, suka kuma yarda kowa ya kwafa ya ba wani ba tare da ya zama ɓarawo ba. Muka zaɓi guda uku: Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya fito da ita a 2004, domin ta maye gurbin Windows, LibreOffice domin rubutu da lissafi, sai Audacity domin tace murya.

Nan fa gizo ke saƙar. Layin intanet ɗinmu daga wani kamfani da muke gini ɗaya da shi aka jawo mana, kuma kamfanin yana da katangar tsaro. Aikin wannan katanga tamkar na jami'in kwastan ne: duk abin da zai shiga ko ya fita sai ta duba daga ina yake, ina za shi, kuma wane iri ne. An umarce ta da ta tare duk manhajar da za a sauko da ita, don haka duk lokacin da muka gwada sai saƙon hani ya bayyana.

Wasu matasanmu suka ba da shawarar a bi ta bayan fage da VPN. Muka ƙi, domin wannan fasa-ƙwauri ne a gidan mutane, kuma ranar da asiri ya tonu za a yanke mana layin baki ɗaya. Maimakon haka muka je wajen jami'in da ke kula da na'urorin kamfanin, muka ce masa, "Ranka ya daɗe, ga abin da muke so, ga kuma dalili."

Bawan Allahn nan ya tuna mana da WannaCry, cutar da ta kama kwamfutoci a ƙasashe fiye da 150 a watan Mayun 2017, har ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila. Saboda irinta ne ake gina katanga. Daga nan ya ba mu mafita biyu. Ta farko, mu sauko da cikakkiyar manhajar a waje, daga shafin masu ita na asali, mu zuba a filash, mu gwada doguwar lambar tantancewa da ake kira SHA-256 da wadda aka wallafa a shafin. Idan ko harafi ɗaya ya saɓa, an taɓa kayan. Ta biyu, ya ba mu adireshin na'urar da ke tsakaninmu da intanet, wadda ake kira furokzi, ya kuma buɗe mana hanyar rumbun Ubuntu kaɗai, domin samun gyare-gyaren tsaro. Da filash ɗaya muka gama da kwamfutoci huɗu a yini guda.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce. Har zuwa 2011 masu Ubuntu suna aiko da faifan CD kyauta ta gidan waya ga wanda ya nema. A nan Akara ma, Cibiyar Kofi Annan ta fasahar sadarwa, wadda Gana da Indiya suka kafa a 2003, ta daɗe tana koyar da irin wannan manhaja, kuma a 2010 birnin ya karɓi baƙuncin taron Idlelo na masu rajin buɗaɗɗiyar manhaja a Afirka.

Amfanin filash ɗin ya wuce maganar katanga. A ranar 14 ga Maris, 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke, Gana da maƙwabtanta suka shiga duhu. Haka 'yan Jibiya sun ga yadda aka rufe layukan sadarwa a sassan Katsina a 2021. Wanda lissafinsa ke cikin kwamfutarsa, manhajarsa kuma a aljihu, ba ya rufe shago a irin wannan rana.

Sai dai a yi hattara. Ba kowace firinta ko manhajar lissafi ce ke aiki da Ubuntu ba, don haka a fara gwada ta daga kan filash kafin a goge komai, a kuma adana kwafin littafin bashi a wani wuri. Wanda ɗansa ke aiki a ofishin fiton kaya ko banki, ya ja masa kunne kada ya saka komai a kwamfutar ofis sai da izini, domin abin na iya cin aikinsa.

Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, amin.