Damina Biyu a Ikko, Damina Ɗaya a Gida

Kowace shekara, da an kai gero rumbu an kakkaɓe riɗi, samari da magidanta na Sule Tankarkar da Gumel da Gagarawa su kan tafi cin rani. Da yawansu Ikko suke nufa, tafiyar fiye da kilomita 1,000. Waɗansu su kan bi motar shanu daga kasuwar Maigatari, wadda take ci ran Alhamis, har mayankar Oko-Oba a Agege. Cikinsu akwai 'ya'yan ekklesiyarmu. Ya kamata mu san irin garin da suke zuwa.

Ikko garin ruwa ne. Teku tana kudu da shi, ga kuma wani babban tafki a tsakiya wanda ya haɗu da tekun. Bisa tafkin nan aka shimfiɗa gadar Third Mainland, mai tsawon kusan kilomita 12, wadda aka gama a 1990. Daga kan gadar ana hangen Makoko, inda masunta suka kafa ɗakuna bisa turaku cikin ruwa. Can yaro ya kan iya tuƙa kwalekwale tun yana ƙarami, kamar yadda namu suke iya kora jaki. Itatuwan kwakwa kuwa kore shar suke ko da rani.

Daminarsu ba irin tamu ba ce. Ruwa ya kan kankama wajen Afrilu, ya yi ƙarfi ƙwarai a Yuni. A Agusta, sa'ad da mu muke cikin marka, su sai ya ɗan tsagaita. Ya kan komo a Satumba da Oktoba. Abin da suke samu a shekara ya fi milimita 1,500, wato ya ninka namu fiye da sau biyu. Amma yawan ruwa ma da wahalarsa. Ran 10 ga Yuli 2011 an wuni ana ruwa, ambaliya ta ci rayuka da dukiya. Baƙon da yake kwana a rumfar kasuwa shi ne farkon shan wuya, ga sauro, ga zazzaɓi.

Garin bukukuwa ne kuma. Akwai Eyo, wasan gargajiya na tsibirin Ikko, inda dodanni su kan fito da fararen tufafi da faffaɗar hula da dogon sanda. Ba kowace shekara ake yinsa ba, ya kan zo ne domin tunawa da wani babba da ya rasu ko wani muhimmin sha'ani. Akwai Fanti, rawar titi ta zuriyar bayin da suka komo daga Barazil. Ekklesiyoyi kuma su kan yi bikin godiyar kaka da doya da ayaba, kamar yadda mu kan kai dammunan gero da dawa. A Badagry, yamma da birnin, Thomas Birch Freeman da Henry Townsend suka yi sujadar Kirsimati a gindin itace a 1842.

To, ga abin da ya dame mu. Garin da ruwa ba ya yankewa ya kan sa mutum ya manta da lissafin gida. Daminarmu ɗaya ce, gajeriya kuma, daga Yuni zuwa Satumba. Gero yana bukatar wajen wata uku. Wanda ya ce bari ya ƙara mako biyu ya tara kuɗin mota, sai ya iso ya tarar maƙwabta sun gama shuka suna noman fari. Mun sha ganin uwargida da 'yan yara suna sharar gona su kaɗai, ba taki, ba iri, maigida kuwa ko labarinsa babu. Kuɗin Ikko ba ya cika rumbun da ba a noma masa ba. Sana'ar can ma ba ta da tabbas. A Yuni 2022 gwamnatin Jihar Legas ta hana acaɓa a manyan sassan birnin, samari da yawa suka wayi gari ba abin yi.

Ba mu ce kada a je ba, gama nema halal ne. Amma kafin tashi, miji da mata su zauna su tsai da ranar komowa, kada ta wuce tsakiyar Mayu. Kuɗin iri da taki a aiko da shi da wuri. Mai tafiya ya karɓi takardar shaida daga wurin fasto, gama akwai ekklesiyoyi masu sujada da Hausa a Ikko. Dattawan ekklesiya su riƙa leƙa gidajen da aka bari, matasa kuma su yi musu gayya in shuka ta matsa. A sujadar iyali ta wannan wata, bari mu karanta 1 Timoti 5:8 tare, mu yi addu'a domin namu da suke bakin teku, muna kiran sunan kowa ɗaya ɗaya. Ubangiji ya komo mana da su lafiya kafin ruwan shuka.