Labarin Makaɗan Busters na Ƙasar Jamus da Asalin Kiɗansu

Wani tsohon almajirina da ya yi zaman ƙasar Jamus ya zo gaishe ni, ya jiyar da ni wani kiɗa a cikin wayarsa, ya ce na Jamusawa ne. Na ce a'a, wannan hannun baƙar fata ne. Muka yi ta gardama, ashe kowannenmu yana da rabin gaskiya. Ba fatawa na zo bayarwa a kan kiɗa ba, maganar malamai a kansa sananniya ce. Abin da ya ja hankalina shi ne isnadi, watau wa ya karɓa daga wa.

Makaɗan nan sunansu The Busters. Sun haɗu a shekarar 1987 a Wiesloch, wani ƙaramin gari kudu da Heidelberg, tun Jamus tana rabe gida biyu. Taro ne babba, sun haura mutum goma, da masu ganga, da masu jita, da masu bushe-bushen ƙarfe dangin begila. Irin kiɗansu ana ce masa ska. Alamarsa ita ce nauyin bugu ba ya sauka inda kunne ke jira, sai a tsakanin taku da taku, kamar taɓarya ta biyu a wajen lugude.

To, ska ba a Jamus aka haife shi ba. Mahaifarsa tsibirin Jamaika, inda yawancin mutane jikokin bayi ne da aka kwasa daga Afirka. A ƙarshen shekarun 1950 makaɗan birnin Kingston suka gauraya kiɗansu na gargajiya mai suna mento da na baƙaƙen Amurka da suke ji a rediyo, har ya zama kiɗan murnar samun mulkin kai a 1962. 'Yan ci-rani suka tafi da shi Ingila. A 1979 waɗansu samari a garin Coventry, farare da baƙaƙe a ƙungiya guda, suka raya shi da kamfanin faifai mai suna 2 Tone, tutarsu zanen dara fari da baƙi. Daga hannun waɗannan yaran Wiesloch suka fara karɓa.

Faifansu na fari, Ruder Than Rude, ya fito a 1988, sunan kuwa ishara ne ga takadiran samarin Kingston da aka san su da wannan kiɗa. Couch Potatoes ya biyo a 1989, shekarar da katangar Berlin ta faɗi. Da Turancin Ingilishi suka rera mafi yawan waƙoƙinsu, shi ya sa suka sami shiga har Amurka da Japan. A 1995 suka hau dandalin bikin Montreux a ƙasar Suwizalan, aka ɗauki wasan aka mai da shi faifai. Sai Stompede a 1996. Sauran suna da yawa, ba na tsawaita muku.

Wurin da suka burge ni shi ne ba su tsaya ga almajirai ba, sun nemi shehin. Sun yi waƙa tare da dattijo Laurel Aitken, wanda aka haifa a Kyuba a 1927, ya girma a Jamaika, ya koma Ingila a 1960, ake kuwa yi masa laƙabi da uban ska. Ya rasu a 2005. A wajenmu, wanda ya karanta littafi bai durƙusa gaban malami ba, ba a cika sakin jiki da karatunsa ba.

Riƙon wannan nasaba kuwa ba abu mai sauƙi ba ne a Jamus ta lokacin. A 1992 'yan ƙin baƙi suka cinna wa masaukin baƙi wuta a Rostock, a 1993 kuma aka ƙone gida a Solingen, Turkawa biyar suka halaka, Allah Ya jiƙansu. Waɗansu daga masu wannan aƙida suna aske kai ƙwal, suna sa manyan takalma, shiga iri ɗaya da ta masoya ska, har baƙo ba ya iya rarrabewa. The Busters suka bayyana matsayinsu a fili, suka yi ta sukar wariyar launin fata a kan dandali, ba su kuwa ɓoye cewa kiɗan da suke ci da shi na baƙaƙen Jamaika ne ba.