Tsingaron Nok: Abin Da Fasassun Tukwane Suka Ɓoye Shekara 3,500

Duk manomin da ya taɓa ɗaga kunyar doya a Adogi, ko a wani ƙauye na ƙasar Lafiya, ya san ƙarar da garma ke yi idan ta ci karo da tsingaro. Akan sunkuya a ɗauka, a wurga bakin gona, a ci gaba da aiki. To, ashe irin wannan tarkace da ba mai sayensa ko da kwabo ne ya tona abincin mutanen da suka zauna a tsakiyar Najeriya tun kafin a san sunan Kano ko Zazzau.

Labarin ya faro ne daga ramukan kuza. A 1928 masu haƙa a kusa da ƙauyen Nok, a ƙasar Jaba ta kudancin Kaduna, suka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu. Aka kai shi Jos, aka ajiye, aka manta. Sai a wajejen 1943 wani kan ya sake ɓulla a kusa da Jama'a. Ma'aikacin da ya same shi bai ga wani abin mamaki ba, ya kafa shi a gonar doyarsa don ya riƙa tsorata dabbobi, kuma an ce ya yi shekara guda yana wannan gadi. Daga nan ya faɗa hannun Bernard Fagg, wani jami'in mulkin Turawa da ya karanci ilimin tono kayan tarihi a Kambirij. Fagg ya dubi wannan, ya dubi na 1928, ya ga hannun maginan ɗaya ne: ido mai kusurwa uku, ƙwayar ido a huje, kitso mai ƙawa. Shi ya raɗa wa al'ummar suna Nok, shi ne kuma ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952.

Mu mutanen Nasarawa mukan ɗauka wannan zance na Kaduna ne. Ba haka ba ne. An samu irin waɗannan sassaƙe-sassaƙe a ƙasar Wamba, an kuma tono wani sanannen kan giwa na yumɓu a ramukan kuza na Udege. Yankin ya miƙe har Katsina-Ala a Binuwai, da Taruga a kusa da Abuja, inda aka gano tsofaffin matoyan narka tama, waɗanda ke cikin shaidu mafi daɗewa na ƙirar ƙarfe a Afirka ta Yamma.

Kawunan sun yi suna, sunan kuma ya jawo musu masifa. Dillalai suka riƙa ɗaukar matasa haya suna tone kufai dare da rana, ana fitar da kaya zuwa Turai. Asarar ta wuce sata kawai. Mai bincike ba kan kaɗai yake nema ba; yana son ya ga zurfin da aka same shi, da gawayin da ke gefensa wanda da shi ake auna shekaru, da dutsen niƙa ko tukunyar da ke kwance kusa. Da zarar an hargitsa rami, wannan bayani ya tafi har abada, ko da an dawo da kan daga baya.

Abin da ɓarayin suka raina shi ne tsingaro, kuma nan ne sa'ar ilimi ta tsaya. Tun daga 2005 masana daga Jami'ar Goethe ta Farankfot a Jamus, ƙarƙashin Farfesa Peter Breunig, tare da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, suka shiga tona a tsanake. Suka gano cewa al'ummar ta fara ne wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), tun kafin ta soma gina mutum-mutumi, kuma ƙonannun ƙwayoyin da suka rage a ƙasa sun nuna gero da wake ne abincinta, sai ɗiyan atile. Amma ƙasar yankin na da tsami, tana cinye ƙashi, don haka ba a iya sanin ko suna kiwo ko farauta suke yi ba.

Sai aka koma wa tukunya. Tukunyar ƙasa tana shan abin da aka dafa a cikinta, kamar yadda kowace uwargida ta sani: wadda aka yi miyar daddawa a ciki ba ta rabuwa da ƙanshin. Maiƙo kan shige ƙananan ƙofofin yumɓun ya zauna dubban shekaru. Aka kai tsingaro sama da 450 Jami'ar Biristol a Ingila, inda Dakta Julie Dunne da abokan aikinta suka niƙa gutsattsarinsu, suka tatso maiƙon, suka tantance shi da na'ura. Nama suke nema. Abin da suka tarar, wanda suka wallafa a 2021, shi ne kakin zuma, a cikin sama da kashi ɗaya bisa uku na tukwanen da suka riƙe maiƙo. Wannan ita ce shaida mafi tsufa ta ɗiban zuma a Afirka ta Yamma. Wataƙila ɗumama saƙar suke yi don zuma ta rabu da kaki, wataƙila adana ta suke yi. Mai ɗora amya a kan ɗorawa yau ya gaji sana'ar da ta kai shekara 3,500.

Shekara guda bayan haka wani binciken ya fito daga tukwanen, wannan karon da alamun ganye, masu kama da na lalo da gauta da kuɓewa da wake. A haɗa da geron nan, sai ka ga tuwo da miyar ganye. A ganina wannan ya fi kawunan armashi. Kai yana nuna gwanintar magini ɗaya, wataƙila da addinin da ba mu san kansa ba. Tsingaro kuwa ya nuna tukunyar gida, kuma abin da ke cikinta bai yi nisa da abin da za a ci yau da daddare a Adogi ba.

Doka ta 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta hana saye da sayar da irin waɗannan kaya ba da izini ba, kuma hukumar tana da gida a Lafiya inda za a iya kai rahoto. Sai dai dokar ba ta hana wasu kaya tsallaka teku ba. A 2000 aka baje wasu sassaƙen Nok a gidan tarihi na Lubur a Paris, waɗanda Faransa ta saya daga hannun dillali. Bayan ce-ce-ku-ce, a 2002 Faransa ta amince cewa mallakar Najeriya ne, Najeriya kuma ta bar mata su aro na shekara 25, da damar sabuntawa. Wa'adin farko zai cika a 2027.