JIJIYOYI 12 NA CIKIN KAI

Yara, a darasin da ya wuce mun ga cewa ƙwaƙwalwa tana zaune cikin ƙoƙon kai. Ƙashi mai ƙarfi ya kewaye ta ko ta ina. Ba ta ganin rana, ba ta jin iska. To, ƙaƙa take sanin abin da ke faruwa a waje? Ƙaƙa take sanin tuwo ya yi zafi, ko malam ya kira sunanka?

Ƙwaƙwalwa kamar sarki take cikin fada. Sarki ba ya zuwa kasuwa da kansa, yana da manzanni. Wasu suna kawo masa labari, wasu suna kai umurninsa. Manzannin ƙwaƙwalwa su ne jijiyoyi.

Wace irin jijiya?

A Hausa, kalmar jijiya tana nufin abubuwa dabam-dabam. Akwai jijiyar jini, wadda jini ke gudana cikinta. Akwai jijiya mai tauri da ke ɗaure tsoka ga ƙashi, kamar ta agara. Akwai kuma ta ukku, wadda za mu yi magana a kanta yau, ita ce jijiyar saƙo. Fara ce, mai laushi. Babu jini yana gudana cikinta kamar cikin bututu. Idan aka duba ta da madubin likita, za a ga zaruruwa masu yawa an haɗa su wuri guda, kamar igiyar da aka tuƙa. Saƙo yana bin waɗannan zaruruwa kamar yadda magana ke bin wayar tarho. A cikin jijiya mafi sauri, saƙo yakan yi tafiyar mita 100 cikin daƙiƙa guda.

Jijiyoyin saƙo suna fita daga wuri biyu. Wasu suna fita daga laka, wadda ke cikin ƙashin baya. Su 31 ne a dama, 31 a hagu, suna aiki ga hannuwa da ƙafafu da gangar jiki. Wasu kuwa suna fita daga cikin kai, suna bi ta ƙananan ƙofofi da ke ƙarƙashin ƙoƙon kai. Su 12 ne a dama, 12 a hagu. Da faransanci ana ce musu nerfs crâniens. Kowace tana da lambarta, an fara ƙidaya daga gaba zuwa baya. Biyu na farko suna haɗe da gaban ƙwaƙwalwa. Yawancin sauran suna fitowa daga gindinta, inda take haɗuwa da laka.

Ba a rana ɗaya aka gane su ba. Wani likita na zamanin Rumawa, Jalinus, wanda ya rayu a ƙarni na 2, ya ƙidaya 7. A shekara ta 1664 Tomas Wilis, mutumin Ingila, ya ƙidaya 9. A shekara ta 1778 wani Bajamushe mai suna Zomerin ya tsara su 12, kuma ƙidayarsa ce ake bi har yau.

Jijiyar hanci

Ta 1 ita ce ta sansana. Zaruruwanta suna can sama cikin hanci. Suna shiga cikin kai ta wani ƙashi mai ƙananan huji kamar rariya. Ita ke faɗa wa ƙwaƙwalwa ƙamshin daddawa ko ƙaurin tuwo. Ita ce kuma ke gargaɗinmu idan nama ya ɓaci, ko idan wuta ta kama dangar gida da dare. In mura ta toshe hanci, iska ba ta kai ga zaruruwan, sai abinci ya zama lami a baki. A lokacin annobar korona ta 2020, mutane da yawa sun daina jin ƙamshi har tsawon makonni.

Jijiyoyin ido

Ido ƙarami ne, amma jijiyoyi 4 ke yi masa aiki shi kaɗai.

Ta 2 ita ce ta gani. Tana fita daga bayan ido, kuma zaruruwanta sun fi miliyan guda. Ido yana karɓar haske, amma ƙwaƙwalwa ce ke gani. Idan wannan jijiya ta mutu, mutum ya makance, ko da kuwa idonsa garau yake.

Ta 3 da ta 4 da ta 6 su ne masu juya ido. Kowane ido yana da tsoka 6 da ke jansa, kamar linzami. Ta 3 tana riƙe da tsoka 4. Ita ce kuma ke ɗaga fatar ido ta sama, tana rage faɗin ƴar ƙofar nan da ke tsakiyar baƙin ido idan haske ya yi yawa. Ta 4 ita ce mafi siranta cikin duka 12. Tsoka guda gare ta, tana taimakonmu duban ƙasa, kamar sa'ad da muke karatu ko muke saukowa daga tsani. Ta 6 ita ma tsoka guda gare ta, tana juya ido waje, gefen kunne. Dole idanu biyu su tafi tare. Idan ɗaya daga cikin jijiyoyin nan ta kasa, sai ido ɗaya ya karkace, mutum ya riƙa ganin abu biyu-biyu.

Jijiyoyin fuska

Ta 5 ita ce mafi kauri. Ta rabu reshe 3. Reshe na farko ya tafi goshi da ido. Na biyu ya tafi kunci da haƙoran sama. Na ukku ya tafi haɓa da haƙoran ƙasa. Da ita fuska ke jin taɓi, da zafi, da sanyi. Ciwon haƙori ta cikinta yake bi. Ita ce kuma ke motsa muƙamuƙi idan muna tauna.

Ta 7 ita ce mai motsa fuska. Da ita muke murmushi, da ita muke ɓata rai, da ita muke busa wuta. Ita ke rufe ido. Tana sa hawaye da miyau su fito, tana kuma ɗaukar ɗanɗano daga gaban harshe.

Ku dubi yadda biyun nan suke aiki tare. Lokacin hunturu ne, iska ta jefa maka ƙura a ido. Ta 5 ta ji, ta kai labari. Nan take ta 7 ta rufe idon, ta kawo hawaye su wanke ƙurar. Duk wannan ya ƙare kafin ka yi tunani.

Jijiyar kunne

Ta 8 aiki biyu take yi. Na farko shi ne ji. Na biyu shi ne tsayuwa daidai. Can cikin kunne akwai wasu ƙananan bututu masu lanƙwasa, cike da ruwa. In kai ya motsa, ruwan ya motsa, sai jijiyar ta sanar da ƙwaƙwalwa. Idan yaro ya yi ta juyawa wuri guda, sannan ya tsaya cik, ruwan bai tsaya ba tukuna. Kunne yana cewa ana juyawa, ido yana cewa an tsaya. Ƙwaƙwalwa ta rikice. Wannan shi ne hajijiya.

Jijiyoyin maƙogwaro da wuya da harshe

Ta 9 tana ɗaukar ɗanɗano daga can bayan harshe. Tana jin abin da ya taɓa maƙogwaro, tana taimakon haɗiya.

Ta 10 ita ce mafi tsawo. Sunanta da latinanci yana nufin mai yawo, don ba ta tsaya ga kai ba. Ta sauka ta wuya, ta shiga ƙirji, ta kai har ciki. A wuya tana motsa tsokokin murya da na haɗiya. A ƙirji tana rage saurin zuciya idan muna hutawa. A ciki tana sa tumbi da hanji su sarrafa abinci. Tana aiki dare da rana, ko muna barci, ba tare da mun umurce ta ba.

Ta 11 tana juya wuya, tana ɗaga kafaɗa. Ƙaninka da ya maƙe kafaɗa ya ƙi aike, da ita ya yi.

Ta 12 tana motsa harshe. In babu ita, babu magana sosai, babu juya loma a baki.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

A ce inna ta miƙo maka ƙwaryar fura. Ka ji ta kira ka, ta 8 ke nan. Ka waiwaya, ta 11. Ka juya ido, ka ga ƙwaryar, ta 2 da ta 3 da ta 4 da ta 6. Ka ji ƙamshin citta da kanumfari, ta 1. Miyau ya zo, ka ji tsamin nono, ta 7 da ta 9. Ka tauna gaya, ta 5. Harshe ya tura shi baya, ta 12. Ka haɗiye, ta 9 da ta 10. Cikin shan fura guda, duka 12 sun yi aiki.

Mu gwada da kanmu

1. Ɗauki takarda. Zana gicciye a hagu, ka ɗiga ɗigo a dama, tsakaninsu santimita 8. Rufe idon hagu. Kafa idon dama a kan gicciyen. Miƙe hannu, sannan ka jawo takardar sannu-sannu zuwa fuskarka. Wajen santimita 30, ɗigon zai ɓace. Dalili shi ne, inda jijiya ta 2 ta fita daga ido, wurin ba ya ganin komi. Wani Bafaranshe mai suna Mariyot ne ya gano haka a ƙarni na 17.

2. Ku tsaya ku biyu kusa da taga. Abokinka ya rufe idanunsa da tafin hannu, ku ƙidaya 20, sannan ya buɗe. Dubi ƙofar baƙin idonsa, za ka ga ta tsuke. Ta 2 ta kai labarin haske, ta 3 ta dawo da umurni. Kada kowa ya dubi rana kai tsaye, tana ƙone ido.

3. Rufe ido, ka toshe hanci. Abokinka ya sa maka ɗan yankin mangwaro ko na gwanda a baki. Wanne ne? Da wuya ka gane. Saki hancin, ka sāke gwadawa.

Idan jijiya ta samu matsala

Wata rana mutum yakan tashi da safe ya tarar bakinsa ya karkace. Ido ɗaya ba ya rufuwa, ruwa yana zuba ta gefen baki. Wasu sukan ce iska ce ta mare shi. Likitoci sun gano cewa sau da yawa jijiya ta 7 ce ta kumbura cikin ƴar hanyar ƙashin da take bi, kusa da kunne. Yawancin masu wannan ciwo suna warkewa cikin makonni ko ƴan watanni. Magani ya fi aiki idan an fara shi cikin kwana 3 na farko. Ana kuma kare idon da ba ya rufuwa, don kada ya bushe. Amma idan hannu ko ƙafa sun mutu tare da fuskar, ko magana ta sarƙe, to ciwon yana cikin ƙwaƙwalwa. A kai mutumin asibiti nan take, kada a jira gobe.

Kuturta ma takan taɓa ta 5 da ta 7. Ido ya daina jin ƙura, ya daina rufuwa, a hankali ya lalace. Kuturta tana da magani, kuma ana ba da shi kyauta. Wanda ya fara sha da wuri, idonsa ya tsira.

Wanda ya fi tsanani a ƙasarmu shi ne sanƙarau. Ƙwayar cutar tana kama tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka, jijiyoyin nan kuwa ta cikinsa suke ratsawa. Ta 8 ce ta fi shan wahala. Don haka wasu yara sukan warke daga sanƙarau, amma su kurumce har abada. Cutar ta fi yawa da rani, lokacin ƙura da zafi. A shekarun 1996 da 1997 ta kama mutane fiye da 250.000 a ƙasashen Afirka, fiye da 25.000 suka rasu. A shekara ta 2010 aka fara wata sabuwar allurar rigakafi a Nijar da Mali da Burkina Faso, irin cutar da ya fi ɓarna a da ya ragu ƙwarai. Amma sanƙarau iri-iri ne. A shekara ta 2015 wani iri dabam ya ɓarke a Yamai da wasu jihohi.

Ga alamominsa: zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, amai, da wuya da ya sanƙare. Jariri kuwa yakan ƙi mama, maɗigarsa ta kumbura. Idan kun ga haka a gida ko a makaranta, ku gaya wa babba, a tafi gidan likita a ranar. Kowace sa'a tana da daraja. In an zo yin rigakafi garinku, ku je, ku kai ƙannenku. Rigakafi ya fi magani.

Idan kuma akwai yaron da ba ya ji sosai a ajinku, ku tuna hankalinsa lafiya lau yake, jijiya guda ce ta samu rauni. Ku bar masa benci na gaba. Ku dube shi ido da ido idan kuna yi masa magana.

Mu riƙe

Jijiyoyin cikin kai 12 ne a dama, 12 a hagu.
Masu kawo labari 3 ne: ta 1, ta 2, ta 8.
Masu kai umurni 5 ne: ta 3, ta 4, ta 6, ta 11, ta 12.
Masu aiki biyun 4 ne: ta 5, ta 7, ta 9, ta 10.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin jijiyar jini da jijiyar saƙo?
2. Jijiyoyi nawa ke juya ido? Faɗi lambobinsu.
3. Don me ake ce wa ta 10 mai yawo?
4. Me ya sa abinci ba ya daɗi idan ana mura?
5. Faɗi alamomi 3 na sanƙarau. Me za ka yi in ka gan su ga ƙanwarka?
6. Zana fuskar mutum cikin littafinka, ka nuna inda rassa 3 na jijiya ta 5 suka tafi.