Bambancin Yawan Kuromosom a Furannin Okid na Daji

Gabatarwa

Okid dangi ne babba na tsirrai masu fure, mai jinsi wajen 28,000, kuma daga cikinsu ake samun banila da ake sa wa abinci don ƙamshi. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda yawan kuromosom, wato zarurrukan nan da ke ɗauke da gado a cikin ƙwayar halitta, yake sassaɓawa a wannan dangi.

Yadda Bambancin Yake

Ɗan Adam yana da kuromosom 46, kamar yadda Tjio da Levan suka tabbatar a 1956. Amma a dangin okid, Erycina pusilla yana da 12, alhali Epidendrum cinnabarinum na ƙasar Birazil yana da 240. Abin bai tsaya tsakanin jinsi da jinsi ba. Gymnadenia conopsea na Turai yawanci 40 ko 80 gare shi, sa'an nan wani bincike da aka buga a 2011 ya nuna cewa a tsakiyar Turai akan tarar da masu lissafi daban-daban suna tsiro a fili guda.

Dalilin Haka

Bisa al'ada, ƙwayar haihuwa takan ɗauki rabin lissafin, wato 20 daga cikin 40. Wani lokaci rabon ba ya aukuwa, sai ta tafi da 40 cif. In ta gamu da mai 20, a sami tsiro mai 60. In kuwa ta gamu da irinta, a sami mai 80. Mai 60 ba safai yake ba da iri mai kyau ba, domin kashi uku ba sa rabuwa biyu daidai.

Barbara tsakanin jinsuna ma takan kawo haka. Dactylorhiza fuchsii da Dactylorhiza incarnata kowanne 40 gare shi. Daga haɗuwarsu da ninkawar kuromosom aka sami Dactylorhiza majalis mai 80, wanda yake hayayyafa da kansa.

Kammalawa

Hausawa kan ce kama da wane ba wane ba ne. Furanni biyu kan yi kama a ido, amma gadonsu ya bambanta har su kasa haifar da zuriya mai ɗorewa. Saboda haka, masu aikin kare tsirrai da suka dogara ga siffa kaɗai suna iya kare kashi ɗaya, su bar wani ya ɓace ba da saninsu ba. Ƙidayar kuromosom ita ce ke maganin wannan kuskure.