Harsashi 12 Cikin Daƙiƙa 10: Asirin Da Agogo Ke Tona Wa Maharbi

Mutum na tsaye ya ba alluna uku baya, hannuwansa a sama kamar wanda aka ritsa. Tsakaninsa da allunan yadi 10, tsakanin allo da allo kuma yadi ɗaya. Ƙaramar bindigarsa na cikin kube a ƙugu. Kusa da kunnensa alƙalin fili na riƙe da wani ɗan akwati da bai wuce tafin hannu ba. Da akwatin ya yi ƙara sai mutumin ya juyo, ya zare bindiga, ya sakar wa kowane allo harsashi biyu, ya saki gidan harsashi ya faɗi ƙasa, ya cusa wani, ya sake bin allunan da bibbiyu. Harsashi 12 ke nan. Wanda ya gama cikin daƙiƙa 10, kuma duka suka shiga tsakiya, ya cancanci a kira shi maharbi.

Sunan wannan atisaye El Presidente, wato shugaban ƙasa da Sifaniyanci. Wanda ya tsara shi kuwa Jeff Cooper ne, tsohon hafsa a rundunar sojojin kundumbala ta Amurka, wanda ya rasu a 2006. An ce sunan ya samo asali ne daga horon da ya ba masu gadin shugaban wata ƙasa a Latin Amurka. Har yau da shi ake gwada maharba a filayen wasan harbi, domin a cikin 'yan daƙiƙun nan ya tattara kusan duk abin da hannu da ido za su yi da ƙaramar bindiga.

Abin ya faro ne kamar wasa. A shekarun 1950, a wani gari mai suna Big Bear Lake da ke Kalifoniya, Cooper ya riƙa shirya gasar saurin zare bindiga irin ta finafinan kaboyi. Kowa da hannu ɗaya yake harbi, daga ƙugu, ba ruwansa da saiti. Ƙara kam ana jin ta, amma samun bara sai an dace. Sai wani ɗan sanda daga yankin Los Anjalas, Jack Weaver, ya zo da abin da ya saɓa wa al'ada: ya kama bindiga da hannu biyu, ya ɗaga ta daidai idonsa, ya duba saiti kafin ya ja kunama. Ya ɗan fi sauran jinkiri, amma harsashinsa na zuwa inda ya aika shi. Ya lashe gasar 1959, kuma tsayuwar nan tasa har yanzu da sunansa ake kiranta.

Daga nan wasan ya girma. An yi gasar duniya ta farko a Zurik ta ƙasar Suwizalan a 1975, aka kafa ƙungiyar wasan ta duniya, IPSC, a garin Kolumbiya na jihar Misuri a 1976, Cooper ya zama shugabanta na farko. Taken ƙungiyar kalmomi uku ne na Latin masu nufin daidaito, ƙarfi da sauri. Yadda aka ɗaure daidaito da sauri a lissafi ɗaya shi ne abin da ya fi burge ni a wasan.

Ana raba makin da mutum ya samu ne da daƙiƙun da ya ci. Tsakiyar allo maki 5, gefenta maki 3 ga mai harsashi mara nauyi, wanda kuma ya kuskure allo gaba ɗaya a zaftare masa maki 10. Ɗauki maharbi mai natsuwa da ya zuba duka 12 a tsakiya cikin daƙiƙa 10: maki 60 a raba 10, ya tashi da 6. Ga wani mai zafin nama da ya gama cikin daƙiƙa 6, takwas a tsakiya, uku a gefe, ɗaya ya bi iska: maki 39 a raba 6, ya tashi da 6.5. Ya doke mai natsuwa, duk da ɓarin da ya yi. To amma da a ce biyu ne suka bi iska, makinsa zai dawo 26, sakamakonsa ya faɗo 4.3. Harsashi ɗaya tak ya raba shi da nasara. Lissafin nan bai ce kowa ya yi a hankali ba, bai kuma ce a yi gaggawa ba. Ya bar kowa ya nemo iyakar gudun da idonsa zai iya bi.

Ɗan akwatin nan na hannun alƙali shi ne ya mayar da abin ilimi. Da can da agogon hannu ake auna lokaci, kuma babban yatsan mai dannawa na da nasa jinkirin. Na yanzu kunne gare shi: yana jin ƙarar kowane harbi, ya rubuta lokacinsa har zuwa kashi ɗaya cikin 100 na daƙiƙa. Idan an gama sai ya baje komai a fili. Ga lokacin da aka ci kafin harbin farko, ga tazarar harbi da harbi, ga tsallakawa daga allo zuwa allo, ga ɗurin harsashi.

A nan sabon shiga ke shan mamaki. Shi a zatonsa sauri a yatsa yake, don haka sai ya dage da fizgar kunama. Agogo kuwa sai ya nuna masa cewa tsakanin harbi da harbi ɗan abin da zai rage bai taka kara ya karya ba, alhali ya zubar da daƙiƙa biyu wajen lalubar bindiga a ƙugu, ya zubar da wasu uku yana kokawa da gidan harsashi. Gwanaye kan zare su yi harbin farko cikin kimanin daƙiƙa ɗaya, ɗuri ma haka, kuma cikin wannan daƙiƙar kusan kashi ɗaya cikin biyar ya tafi ne tsakanin kunne ya ji ƙara da hannu ya motsa. Wannan kason ba ya raguwa sosai komai horo, halittar jijiya ce. Abin da ke raguwa shi ne motsin banza: ɗaga kafaɗa, sunkuyar da kai, gyara riƙo bayan an riga an zare. Sauri ya haifi nawa, in ji Bahaushe, kuma a filin harbi ana iya karanta nawar da lambobi.

Masana sun daɗe da sanin dalili. A 1954 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Paul Fitts, ya nuna cewa lokacin da hannu ke ci kafin ya kai ga wani abu na ƙaruwa gwargwadon nisan abin da kuma ƙanƙantarsa. Da wannan ƙa'ida ake tsara girman maɓallan da muke latsawa a fuskar waya. Ita ce kuma ta sa 'yan gasa ke faɗaɗa bakin ramin gidan harsashi ya zama kamar mazurari, su kuma ɗaura na sauyi a gaban ƙugu inda hannu zai same shi ba lalube.

Akwai kuma abokin gaba na cikin jiki. Bindiga na zabura sama in ta tashi, jiki kuwa ya san haka, sai ya riga ta: hannu ya danna ƙasa tun kafin harsashi ya fita. Shi ya sa na-dama da bai ƙware ba yakan ga ramukansa sun taru a ƙasa ta hagu, ya yi ta zargin saiti. Masu horarwa kan cakuɗa masa harsashin bogi cikin na gaske. Idan ya iso kan na bogin, ba ƙara ba zabura, sai ga bakin bindiga ya yi sujada a gaban kowa. Daga ranar ya daina zargin ƙarfe.

Batun ɗuri kuwa da jini aka koye shi. A watan Afrilun 1970, a Newhall ta Kalifoniya, 'yan bindiga biyu suka kashe 'yan sandan babbar hanya huɗu cikin ƙasa da minti biyar. Ɗaya daga cikin 'yan sandan an cim masa ne yana ɗura wa libarbarsa harsashi ɗaya bayan ɗaya. Bayan wannan aka sake fasalin horon 'yan sanda, aka kuma rungumi ɗan abin nan da ke zuba harsashi shida a lokaci guda. Don a ga inda gwaninta ke iya kaiwa da irin wannan bindiga: a 1999 Jerry Miculek ya harba shida, ya ɗura, ya sake harba shida cikin daƙiƙa 2.99.

Sai dai ina ganin akwai inda masu son agogo ke wuce gona da iri. Allo takarda ce. Ba ya motsi, ba ya ramawa, kuma maharbi ya san ƙara na tafe, ya ma gyara tsayuwa yana jiranta. A 1983 wani sajen ɗan sanda a Salt Lake City, Dennis Tueller, ya nuna cewa mai wuƙa na iya cinye tazarar ƙafa 21 cikin kusan daƙiƙa ɗaya da rabi, daidai lokacin da ɗan sanda mai horo ke buƙata ya zare ya harba. Wato lambar da ke kan agogo ba alkawarin tsira ba ce. Su kansu 'yan wasan sun yi saɓani a kan haka. Da bindigogin gasa suka koma wasu injuna masu tsada da ba mai yawo da su a ƙugu, Bill Wilson da abokansa suka kafa wata ƙungiya daban, IDPA, a 1996, inda ake harbi da bindiga irin ta yau da kullum. Wilson ɗin nan shi ke da wani sanannen atisaye: harsashi 6 a allo ɗaya daga yadi 7, duka a tsakiya, cikin daƙiƙa 2.

Mai karatu a Najeriya ba zai cika ganin wannan wasa ba, domin dokar makamai ta 1959 ta sa ƙaramar bindiga cikin jerin waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa. A inda ake yinsa ma, dokokin fili sun fi lissafin maki tsauri. Duk wanda yatsansa ya shiga wurin kunama yana cikin ɗuri, ko bakin bindigarsa ya karkato bayan fili inda jama'a suke, ko ta suɓuce masa ta faɗi, alƙali zai daka masa tsawa ya tsaya. Zai cire harsashi, ya nuna cikin bindiga wayam, ya mayar da ita kube. Ba a duba agogo, ba a ƙirga ramukan allo. Ko shi ne zakaran bara, gasar ta ƙare masa daga nan, sai dai ya koma cikin 'yan kallo.